Sunan 'Yata a Ƙofar Makarantar Solmae

Daga:
Pyo Man-sik,
Direban bas mai lamba 31, Kamfanin Sufurin Danho,
Gida na 402, Rukunin Gidajen Bakin Kogi, Danho.

14 ga Afrilu, 2025.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Ofishin Ilimi,
Gundumar Danho.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: Sauya amsar neman tallafin karatu a takardun 'yata Pyo Sae-rom ba da saninmu ba, da ƙin da Makarantar Sakandaren Solmae ta yi na bayar da takardar shaida kafin 25 ga Afrilu

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ni ne mai suna a sama, mahaifin Pyo Sae-rom, wadda ta kammala Makarantar Sakandaren Solmae a watan Fabrairun bana, a Ajin Ƙetare, wato ajin masu neman karatu a ƙasashen waje. Shekarata ashirin da biyu a bayan sitiyari, kuma ban taɓa rubuta wa hukuma takarda ba, ko ta neman a cike mana ramin titi. Idan an ga wata kalma ta kauce layi, a yi mini afuwa. Ba raini ba ne, rashin sabo ne da zuciyar da ta ƙi kwanciya.

Abin da ya kawo ni a taƙaice shi ne, Kwalejin Aldermere da ke Amurka ta ba 'yata gurbin karatu, amma ba za ta iya zuwa ba, domin wani a makarantarta ya rubuta wa kwalejin cewa ba ma bukatar tallafi. Kwalejin ta ce za ta sake duba lamarin idan makaranta ta aiko da takarda mai hatimi kafin ranar 25 ga wannan wata. Makaranta ta ƙi. Ga yadda abin ya faru, ɗaya bayan ɗaya.

1. Ina neman izini in maimaita abin da ofishinka ya daɗe da sani, ni kuwa sai makon jiya na gama saninsa. Kwalejojin Amurka kashi biyu ne a wajen ɗalibin da ya fito daga wata ƙasa. Akwai 'yan ƙalilan da ke rufe ido ga aljihun iyaye, su duba yaro kawai. Sauran, har da Aldermere, tun a bakin ƙofa suke duba aljihun. A fom ɗinsu akwai tambaya guda: shin za ka nemi tallafin karatu? Wanda ya ce e, an jefa shi dogon layi mai ƙaramar ƙofa, domin tallafin ba ya isar kowa, amma in an ɗauke shi, an ɗauki nauyinsa. Wanda ya ce a'a, layinsa gajere ne, sai dai ya yi alkawari ke nan cewa iyayensa za su biya komai, kuma babu damar ya dawo daga baya ya ce ya sake shawara, har ya gama shekara huɗunsa. Wannan doka a rubuce take a fili. Kuɗin shekara guda a can ya haura albashina na shekara biyu, ko da ba mu ci ba mu sha ba. Mahaifiyar yarinyar, Eom Gyeong-ja, a ɗakin girkin gidan kula da tsofaffi take aiki. Mu ba mu taɓa cewa a'a ba, ko a mafarki.

2. A ranar 7 ga Satumba, 2024, Malam Gil Tae-ung, mai riƙe da Ajin Ƙetare, ya kira mu ni da mahaifiyarta. Ya ce yarinya irin Sae-rom sau ɗaya malami yake samunta a rayuwarsa. Ya ce kada ta raba hankalinta biyu, ta bar neman jami'o'in gida, ta bar babbar jarrabawar shiga jami'a ta watan Nuwamba, ta fuskanci Amurka gaba ɗaya. Na ji daɗi, ban musa ba, wane uba ne ba zai ji daɗi ba? Amma na buɗe baki na ce, "Malam, mu fa sai da tallafi, in babu shi ko filin jirgi ba za mu iya kai ta ba." Ya yi dariya ya dafa hannuna, ya ce, "Baban Sae-rom, kai dai riƙe sitiyarinka ka bar mini nawa." Na tashi na rusuna masa. Mu da aka tasa ana ce mana ko inuwar malami ba a takawa, me zan ƙara a kan wannan?

Ranar babbar jarrabawa, 14 ga Nuwamba, an ƙara mana zirga-zirga kamar kowace shekara. Tun da sassafe nake kwasar 'ya'yan mutane da kwanukan abincinsu ina sauke su a ƙofar ɗakunan jarrabawa, ina ce wa kowanne ya yi ƙoƙari. Tawa tana gida tana gyara rubutun Turancinta. A ranar har tausayin waɗancan yaran nake ji, ina cewa a raina tawa ta huta da wannan wahala.

3. Ya kamata ofishinka ya san yadda ake aiki a Ajin Ƙetare. Kowane ɗalibi yakan miƙa wa malami kalmar sirrin shafinsa na neman gurbi. Yaro ya cike nasa, malami ya yi dubawar ƙarshe, kuma shi ne yake aikawa da hannunsa. An ce mana an yi haka ne don kada yara su yi kuskure. Sae-rom ta cike nata a teburin cin abincinmu, ina zaune kusa da ita ina ɓare mata lemo. Da ta zo kan tambayar tallafi ta karanta mini ita da Turanci, ta fassara, ta ce, "Baba, attajiri, me za mu ce musu?" Na ce, "Ce musu e, da babban baƙi, yadda ko mai ciwon ido zai gani." Ta danna e a gabana, mahaifiyarta ma shaida ce.

Ranakun hutuna na watan Nuwamba duk a ofisoshi suka ƙare: shaidar albashi, shaidar haraji, takardar hayar gida, kowacce a kai wa mai fassara, a kai a buga mata hatimi. A ranar 9 ga Disamba na zuba su a ambulan, na liƙe, na miƙa wa Malam Gil da hannu biyu. A ranar 27 ga Disamba ya aika takardun 'yata zuwa kwalejoji biyar. Cikin Janairu yarinyar ta lura cewa shafinta bai nuna an karɓi takardun tallafi ba, ta tambaye shi cikin ladabi. Ya ce mata makaranta ta aika su ta wata hanya dabam, ta kwantar da hankalinta. Ta kwantar.

4. Ranar 28 ga Maris sakamako ya fito. Huɗu sun ba da haƙuri, Aldermere ta ɗauke ta. Ba zan ɓata lokacin ofishinka da bayanin abin da ya faru a gidanmu ba, sai dai in ce maƙwabcinmu na ƙasa ya hauro a guje, ya zaci gobara ce. Babu takardar tallafi a cikin saƙon. Muka tambayi Malam Gil, ya ce ita daga baya take zuwa.

Ranar 1 ga Afrilu makaranta ta rataya ƙyallen taya murna a saman babbar ƙofarta, kamar yadda aka saba yi wa wanda ya shiga babbar jami'a. Na ga irinsu da yawa a rayuwata, amma ban taɓa ganin mai girman wannan ba. Daga wancan ginshiƙi zuwa wancan, shuɗi da ruwan zinariya, sunan 'yata kowane harafi ya kai tayar bas. Ranka ya daɗe, bas mai lamba 31 a ƙofar makarantar nan take tsayawa, tafiya da dawowa. A makon farko har rage gudu nake yi tun daga kan gada don fasinjoji su samu karantawa. Abokan aikina a gareji suka daina kirana da sunana, sai "Baban Ba'amurkiya". Wani ya ce nan gaba sai na sa baƙin tabarau zan yi musu magana.

Akwai wata tsohuwa, Kaka Ok-bun, mai sayar da tafarnuwa, da take shiga motata duk ranar kasuwa tun Sae-rom tana goye. Ta shigo da tulu naɗe a ɗankwali, ta dire shi kusa da kujerata, ta ce, "Direba, ungo, kwaɓin barkono ne na shekara uku, da hannuna na yi. An ce abincin mutanen can salam yake kamar na asibiti, kada su rame mana yarinya." Na ce, Kaka, abin ya yi yawa. Ta ce, "Rufe mini baki ka ja mota, ba kai na ba wa ba."

Ranar 5 ga Afrilu, ranar gyaran kaburbura, muka hau dutse wurin kabarin mahaifina. Na cire ciyawa, na zuba masa giyar shinkafa, na shimfiɗa takardar kwalejin a gaban kabarin, muka rusuna mu uku. Mutumin da bai gama firamare ba, na gaya masa jikarsa za ta haye teku karatu. Wannan na riga na faɗa, kuma ban san yadda ake komawa a janye magana a wurin mamaci ba.

5. Da shiru ya yi yawa, Sae-rom ta rubuta wa ofishin tallafi na kwalejin da kanta a ranar 7 ga Afrilu. Washegari amsa ta zo, cikin ladabi ƙwarai. Sun ce a takardunta an amsa a'a, ba su taɓa karɓar wata takardar kuɗi daga gare mu ba, kuma bisa dokarsu ba za ta iya neman tallafi ba, bana ko baɗi ko bayan baɗi. Sun haɗo da kwafin fom ɗin yadda ya isa gare su. Na haɗa shi da wannan takarda. Za a ga a'a a inda muka sa e. Za a kuma ga, a gurbin sana'ar uba, inda 'yata ta rubuta direban bas, an mayar da shi jami'in gudanarwa a kamfanin sufuri.

Yallaɓai, a nan ne alƙalami yake mini nauyi. Shekara ashirin da biyu ina sa farin safar hannu ina gaishe da duk wanda ya shigo motata, ban taɓa jin kunyar aikina ba. Ashe wani yana can yana jin kunyarsa a madadina.

6. Ranar 9 ga Afrilu na nemi wani ya riƙe mini mota, na tafi wurin Malam Gil. Ina so a rubuta cewa bai yi musu ba. Ya jawo aljihun teburinsa, ya fito da ambulan ɗina, a liƙe yadda na ba shi, ya tura mini. Kalamansa ga su, gwargwadon yadda na riƙe: "Baban Sae-rom, da na bar e ɗin nan da ba su ɗauke ta ba. Na san layin nan, yara nawa na gani sun mutu a cikinsa. Na ce bari ta shiga ɗaki tukuna. Wa ya taɓa korar baƙon da ya riga ya zauna ya cire takalmi? In ta shiga sai mu rubuta, mu roƙa, mu kai gaisuwa, ai mutane ne."

Na tambaye shi ko ya san dokar shekara huɗun. Ya ce ya gan ta, amma ya ɗauka irin dokokin nan ne da ake rubutawa don a rubuta. Haba! Ya ɗauka can ma kamar nan ne, inda in ƙofa ta rufe sai ka nemi wanda ya yi aji ɗaya da mai makullin, ka ɗauki kwalin 'ya'yan itace ka je ka rusuna. Har ya nuna mini wasiƙar roƙon da ya fara rubuta musu, shafi uku, duk yabon tarbiyyar yarinyar. Na ce masa, "Malam, ka ce in riƙe sitiyarina in bar maka naka. Ni in na ga hanya a toshe, nakan juya in gaya wa fasinja, ba na kai shi wani gari in ce masa ai nan ma gari ne." Ya sunkuyar da kai. Idonsa ya kawo ruwa, kuma na yarda ba na ƙarya ba ne. Ba na cewa yana ƙin 'yata. Yana son ta, shi ya sa abin ya fi ciwo. Amma ya yi caca da abin da ba nasa ba, bai ko tambaye mu ba, kuma ya bar ni na hau dutse na yi wa ubana albishir alhali ambulan ɗin yana kwance a aljihun teburinsa.

7. Sae-rom ta sake rubuta wa kwalejin, ta gaya musu gaskiyar abin da ya faru. Ranar 10 ga Afrilu shugabar ofishin ɗaukar ɗalibai ta amsa da kanta. Ta ce ba za su iya ɗora tallafi a kan gurbin da aka samu da a'a ba, domin akwai yara da yawa daga ƙasashe da yawa da suka faɗi gaskiyar aljihunsu aka ba su haƙuri, kuma yin haka zalunci ne a kansu. Na karanta wannan, duk da halin da nake ciki, ban ga inda matar nan ta yi kuskure ba. Amma ta buɗe ƙofa guda. Ta ce idan makaranta ta aiko da takarda mai hatimin shugabanta, kafin 25 ga Afrilu, tana shaida cewa ma'aikacinta ne ya sauya amsar ba da sanin iyali ba, to kwamiti zai ajiye gurbin farko gefe, ya sake duba Sae-rom daga tushe a cikin layin masu neman tallafi. Ta faɗa a fili, ba ta ɓoye ba: za a iya ɗaukarta da cikakken tallafi, za a kuma iya ba ta haƙuri, gurbin ya tafi gaba ɗaya.

Mun zauna mu uku a kan wannan. Mahaifiyarta ta ce kada a taɓa gurbin. Ta ce mu karɓo kuɗin ajiyarmu da ke hannun mai gidan da muke haya, mu koma ɗaki guda, ita ta ƙara aiki, ni in nemi tuƙin babbar mota, a biya shekarar farko, sauran a gani a gaba. Tana magana tana lissafi da yatsu, yatsun nan da ruwan zafi ya gama cinye su. Sae-rom ta kama hannun ta sauke shi. Ta ce, "Mama, ko kun sayar da ni kaina ba zai kai shekara biyu ba. Kuma wadda suka ɗauka ai ba ni ba ce, 'yar jami'in gudanarwa ce, ni ban ma san ta ba. Ina so in ji ko za su ɗauki 'yar direban bas. In sun ƙi, na ji da kunnena." Yarinya 'yar shekara goma sha tara ce ta faɗi wannan. Na tashi na fita baranda, domin ba na son su ga fuskata.

8. Ranar 11 ga Afrilu na gana da shugaban makarantar, Malam Bang Ui-cheol, na gabatar masa da buƙatar kwalejin a rubuce. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo shayi, ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce ba zai iya sa hatimin makaranta a kan irin wannan takarda ba. Dalilansa uku ne. Na farko, kwalejojin Amurka suna magana da juna, in aka ji Solmae tana taɓa takardun ɗalibai, ɗaliban da ke bayan Sae-rom a ajin yanzu su za su kwana a ciki. Na biyu, a watan Mayu ofishinka zai duba ko za a ci gaba da ba Ajin Ƙetare kuɗi, kuma sakamakon bana shi ne Sae-rom, babu wani. Na uku, Malam Gil saura masa shekara biyu ya yi ritaya. Ya ce, "Baban Sae-rom, a bar kaza cikin gashinta. Zan yi wa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai magana su haɗa mata wani abu na zangon farko."

Na gode masa, na ce ba bara ta kawo ni ba, shaida na zo nema a kan abin da malaminsa ya amsa da bakinsa. Na ce to tunda haka ne, a sauke ƙyallen. Ya ce ƙyallen ba ƙarya ya faɗa ba, an ɗauke ta ko ba a ɗauke ta ba? Kuma iyayen sababbin ɗalibai za su zo taro ƙarshen wata, zai fi kyau a bar shi zuwa lokacin. Na kalli shayin da ke gabana, ban iya sha ba. Na tashi na rusuna, domin haka aka koya mini, na fito.

Ina tausayin yaran da ke ajin yanzu, kada a ce ba na yi. Amma su ma sun miƙa kalmomin sirrinsu ga teburin nan, kuma a cikinsu akwai 'yar mai gyaran taya da ɗan mai sayar da kifi. Na san su, motata suke shiga. Idan rufa-rufa ce za ta kare su, ban san daga me za ta kare su ba.

9. Halin da muke ciki yanzu shi ne wanda ake cewa ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Jami'o'in gida sun buɗe tun watan Maris, ƙawayenta duk sun tafi. Ba ta zauna jarrabawar Nuwamba ba, bisa shawarar makaranta, saboda haka ba ta da gurbi a ko'ina cikin ƙasar nan. Idan 25 ga wata ta wuce, abin da ya rage mata shi ne ta koma ta zauna shekara guda tana karatun jarrabawar da aka ce mata ta fi ƙarfinta. Ta kama aiki a wani kantin saye-da-sayarwa kusa da tashar jirgin ƙasa. Motata take shiga da safe. Da, kujerar bayana take zama tana ba ni labari har in ce ta bar ni in ji da titi. Yanzu can baya take tafiya, ɓangaren da ba ya kallon makaranta, in mun doshi gada ta sa fuskarta a jikin taga ta rufe ido. Ina ganinta a madubi.

Ni kuwa ba ni da ikon rufe ido, ba ni da ikon wuce tashar. Dole in tsaya a ƙarƙashin ƙyallen nan, in buɗe ƙofa, in jira. Kullum sai an samu wanda bai ji labari ba ya shigo ya ce, "Direba, barka, yaushe ne tafiyar?" Ina cewa ana shiri. Ranar kasuwar da ta wuce Kaka Ok-bun ta tambaye ni ko an samo akwatin da tulun zai shiga ba tare da ya fashe ba. Na ce ana nema. Ni da ban saba ƙarya ba, yanzu kullum sai na yi ta kafin in kai tasha ta gaba. Tulun yana baranda, mahaifiyarta ta lulluɓe shi da tsohon bargo don kada yarinyar ta riƙa ganinsa.

Bisa abubuwan da na zayyana a sama, ina roƙon ofishinka mai daraja, cikin ƙanƙan da kai, da ya yi waɗannan:

Na farko, kuma shi ne mai gaggawa, a umarci Makarantar Sakandaren Solmae ta rubuta wa Kwalejin Aldermere takardar shaidar da ta nema, da hatimi, ta isa kafin ranar 25 ga Afrilu, 2025. Idan shugaban makarantar ya ga hannunsa ba zai iya ba, ina roƙon ofishinka ya binciki lamarin ya rubuta da nasa hatimin. Ambulan ɗina yana nan a liƙe, ban buɗe shi ba, duk mai son gani zan kawo masa.

Na biyu, a hana malamai karɓar kalmar sirrin ɗalibai a duk makarantun gundumar nan, kuma kada a ƙara aika takardar yaro sai shi da iyayensa sun ga abin da ke ciki. A kuma riƙa gaya wa iyaye irina, da harshen da za mu gane, abin da e take jawowa da abin da a'a take jawowa, mu zaɓa da kanmu. Da an tambaye ni, da na ce a bar ta a dogon layin. Da an ƙi ta a can, da mun yi kukanmu na kwana biyu mun share hawaye, kuma da ban yarda ta bar jarrabawar gida ba tun farko.

Na uku, ba na neman a kori Malam Gil, ba na neman a taɓa masa fansho. Abin da ya faɗa mini a ofishinsa, ya faɗa a takarda. Shi ke nan.

Na huɗu, a sauke ƙyallen. Idan makaranta ba ta da mai hawa, ina da tsani, kuma ina da hutu ranar Alhamis.

Ranka ya daɗe, na san takardar da nake roƙo tana iya zama sanadin da 'yata za ta rasa gurbin nan gaba ɗaya. Ta sani, mahaifiyarta ta sani, kuma da yardarsu nake rubutu. Ba na roƙon ofishinka ya sa a ɗauke ta, wannan ba a hannunka yake ba. Mutanen can sun karanta takardar wata yarinya mai uba jami'i, sun so ta, makaranta ta rataya sunanta a ƙofa. Tawa ba su gan ta ba tukuna. Ita ce take zaune a bayan motata kowace safiya da idonta a rufe. Abin da nake roƙo kawai shi ne a bari su gan ta sau ɗaya, da ubanta direba da aljihunsa yadda yake, su ce e ko su ce a'a. Duk wadda suka faɗa zan iya hawa dutse in gaya wa mahaifina.

Na haɗa da kwafin fom ɗin da kwalejin ta karɓa, da saƙonninta biyu na 8 da 10 ga Afrilu, da hoton ambulan. Ana iya samuna a garejin kamfani bayan ƙarfe uku na rana, ko a tashar ƙofar makarantar Solmae, inda nake tsayawa ko ina so ko ba na so.

Ina mai rusunawa da neman afuwa bisa tsawon wannan takarda, tare da matuƙar girmamawa ga ofishinka.

Naka mai biyayya,

Pyo Man-sik
(sa hannu da hatimi)
Mahaifin Pyo Sae-rom